Bugzilla ta Mozilla: Inda Nake Bin Sawun Matsalar Satifiket a Firefox

Aikina kula da kwamfutoci ne da wasu 'yan shafukan intanet na wata ƙaramar ma'aikata, kuma a duk gargaɗin da burauza ke jefo wa mutum babu wanda ake yawan kirana a kansa irin na satifiket, wato takardar shaida ta lantarki da shafi ke miƙa wa burauza don ya tabbatar mata shi ne na gaskiya. Shafin da aka buɗe jiya lafiya ƙalau, yau Firefox ya tsaya kai da fata ya ce bai amince da shi ba. Na daɗe ina neman bakin zaren irin wannan matsala a rumbun rahotannin Mozilla, masu yin Firefox, wato bugzilla.mozilla.org, kuma ga abin da na gani. Idan so kake ka san dalilin da ya sa Firefox ya ƙi satifiket ɗin da wata burauzar ta karɓa, ban san wurin da ya kai shi ba. Idan kuwa so kake wani ya kama hannunka ya gyara maka kwamfuta, ba don kai aka gina shi ba.

Bugzilla tsohuwar manhaja ce. Terry Weissman ne ya rubuta ta, aka sake ta a 1998, shekarar da Netscape ya buɗe wa jama'a lambobin burauzarsa. Tun daga lokacin duk wata tangarɗa da aka kai ƙara, da duk gyaran da aka yi, da gardamar da aka tafka kafin a yi shi, suna nan a ajiye, kowane rahoto da lambarsa. A 2014 aka shigar da rahoto na miliyan ɗaya. Karatu ba sai ka yi rajista ba, kuma ba a karɓar ko sisi. Sai in za ka rubuta wani abu ne ake neman ka buɗe asusu.

Kafin ka shiga, ka riƙe abin da za ka yi bincike da shi. Rubutun da ke saman shafin gargaɗi ba ya kai mutum ko'ina, domin kusan iri ɗaya ne ga matsaloli mabambanta. Danna maɓallin Advanced, a ƙasa za ka ga lambar kuskure da manyan haruffa: SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER idan Firefox ya kasa haɗa satifiket ɗin da wata hukumar bayar da satifiket da ya sani, SSL_ERROR_BAD_CERT_DOMAIN idan sunan da ke cikin satifiket bai zo daidai da adireshin ba, SEC_ERROR_EXPIRED_CERTIFICATE idan wa'adinsa ya ƙare. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ita kanta lambar ana danna ta. Da ka danna sai ta zubo maka duk satifiket ɗin da aka miƙa wa burauzarka, kowanne tsakanin BEGIN CERTIFICATE da END CERTIFICATE, ga kuma maɓallin kwafa a gefe. Wannan rubutun shi ne injiniyoyin Mozilla ke yawan fara tambaya idan an kai musu ƙarar satifiket, don haka ka adana shi tun kafin matsalar ta ɓace da kanta.

Ƙorafina mafi girma a kan akwatin binciken da ke saman shafi yake. Idan ka zuba masa lambar kuskure haka nan, rahotannin da ke buɗe kaɗai zai kawo maka. Ga ma'aikacin Mozilla hakan daidai ne, aikin da ya rage a gabansa yake nema. Amma mai neman dalilin matsala amsarsa tana cikin waɗanda aka riga aka rufe, domin a nan ne wani ya zauna ya yi bayani kafin ya rufe. Maganin shi ne ka fara da kalmar ALL da manyan haruffa, sannan lambar kuskuren, kamar haka: ALL SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Nan take jerin zai cika. Wannan dabara tana rubuce a shafin taimako, amma wanda ya zo da matsala a hannu ba ya tsayawa karanta shafin taimako. Zai ga rahoto uku ko huɗu da ba su shafe shi ba, ya ɗauka babu wanda ya taɓa cin karo da abin, ya fita. Na ga abokan aiki sun yi haka, kuma ban ga laifinsu ba.

Idan jerin ya fito, dubi yadda aka rufe kowanne. FIXED na nufin laifin Firefox ne kuma an gyara. DUPLICATE na nufin an haɗe shi da wani tsohon rahoto, sai ka bi lambar zuwa can, domin a can maganar take. WORKSFORME na nufin an gwada ba a ga matsalar ba. Amma waɗanda suka fi yi min amfani su ne INVALID da WONTFIX. Na farko cewa ake yi ba laifin Firefox ba ne, kuma galibi kafin a rufe wani injiniya zai buɗe satifiket ɗin mai ƙarar ya nuna masa ainihin inda ya karya ƙa'ida. Na biyu cewa ake yi mun ji, amma da gangan muka yi haka, ga dalilinmu. A harkar satifiket yawancin ƙararrakin da na karanta a ɗayan waɗannan biyun suke ƙarewa, domin sau da yawa burauza aikinta ta yi, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ko wata na'ura a tsakiya ce ta kawo cikas.

Akwai kuma sanin ɓangaren da za ka leƙa. Rumbun ya ƙunshi Firefox da Thunderbird da sauran ayyuka masu yawa, saboda haka bincike ba tare da taƙaitawa ba yakan kwaso tarkace. Abin da ya shafi yadda Firefox ke tantance satifiket yana ƙarƙashin Core, a sashen Security: PSM. Abin da ya shafi ɗakin lambobin ɓoye bayanai yana ƙarƙashin NSS. Abin da ya shafi hukumomin da ke bayar da satifiket yana ƙarƙashin CA Program. A shafin Advanced Search kana iya zaɓar sashe, ka zaɓi shekarun da kake so, ka kuma ce a nemo kalma a cikin sharhin da aka yi a ƙarƙashin rahoto ba a take kaɗai ba. Wannan na ƙarshen yana da nauyi, wani lokaci sai ka jira har ka fara tunanin layinka ne ya yanke, kuma in ba ka taƙaita sashe ba yana iya ƙarewa ba sakamako. Duk da haka da shi na fi samun abin da nake nema, don mutane ba sa sa lambar kuskure a take. Su dai su rubuta cewa shafi ya ƙi buɗewa, lambar sai can a sharhi na uku bayan an tambaye su.

Bari in ba da misalin da ya sa na fara ɗaukar wurin da muhimmanci. Shekarun baya, kafin 2020, an sabunta satifiket ɗin wani shafinmu. A kwamfutata ya buɗe a Firefox, ya buɗe a Chrome. Sai wata abokiyar aiki da aka ba sabuwar kwamfuta ta zo ta ce, "Malam, shafin nan fa ya ƙi buɗewa a wajena." Na duba, SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER. Firefox iri ɗaya, shafi ɗaya, layin intanet ɗaya. A Chrome ɗinta kuma lafiya lau. Da na danna lambar kuskuren sai na ga satifiket guda ɗaya tak aka miƙo, alhali ya kamata a ga na shafin da na tsakiya wanda ke haɗa shi da tushen da burauza ta amince da shi. Wanda ya ɗora satifiket ɗin ya nuna wa sabar fayil ɗin cert.pem maimakon fullchain.pem. Wannan na gano da kaina da umarnin openssl s_client tare da -showcerts. Abin da na kasa ganewa shi ne me ya sa tawa ta buɗe, tata ta ƙi, kuma me ya sa Chrome bai damu ba.

Bugzilla ce ta warware min. A cikin satifiket akwai wani fili da ake kira AIA, wanda ke ɗauke da adireshin da za a iya sauko da satifiket na tsakiya idan sabar ba ta aiko shi ba. Chrome yakan bi adireshin ya cike giɓin a ɓoye. Firefox ba ya bi. Akwai rahoto tun na 2007 da ke roƙon a koya masa hakan, an shekara da shekaru ana muhawara a kansa, Mozilla ba ta yarda ba. Dalilan suna nan a rubuce: bin adireshin yana jinkirta buɗe shafi, yana tona wa hukumar satifiket shafin da mutum ke ziyarta, sannan yana rufa wa sabar da aka saita ba daidai ba asiri har mai ita bai san da matsala ba. Tawa kuwa ta buɗe ne saboda a lokacin Firefox yakan ajiye satifiket na tsakiya da ya taɓa gani a wasu shafukan, tsohuwar kwamfuta ta tara su, sabuwa ba ta tara komai ba. Babu shafin taimakon da na karanta da ya haɗa min waɗannan abubuwa wuri ɗaya. A can na karanta su daga bakin waɗanda suka rubuta manhajar, tare da martanin masu kula da sabar da suka fusata, waɗanda su ma suna da hujja. Daga baya Mozilla ta ɓullo ta wata hanya: daga Firefox 75 ta fara sauko wa burauza satifiket na tsakiya na sanannun hukumomi tun kafin a buƙace su. Hakan ya rage matsalar sosai, sai dai bai shafi hukumar cikin gida da ma'aikata ta kafa wa kanta ba, don haka har yau tsohon rahoton yana da amfani.

Karanta rahoto ɗaya ma sai an koya. Sabon shiga yakan fara daga sharhi na farko ya bi su a jere, kuma a rahoton da ya kai sharhi ɗari biyu wannan ɓata lokaci ne. Ni daga sama nake farawa: yaushe aka buɗe, yaushe aka rufe, a wane Firefox gyaran ya shiga. Akwai 'yan layuka da ke nuna ko wace fitowa matsalar ta shafa da kalmomin affected, fixed ko unaffected. Akwai Regressed by, wanda ke nuna canjin da ya haifar da matsalar, akwai See Also da ke kai ka ga rahotanni masu alaƙa. Daga nan sai in sauka ƙasa in karanta sharhi biyar na ƙarshe, in kuma nemi sharhin da aka rufe rahoton da shi. Sai in hakan bai ishe ni ba nake komawa tsakiya. Tsarin shafin yana da cunkoso, filaye sun yi yawa, kuma a waya karatunsa wahala ne. Amma duk filin da ka gane aikinsa sai ka ga ba a banza aka sa shi ba.

Wata matsalar da ta ci min tuwo a ƙwarya ita ce SEC_ERROR_REUSED_ISSUER_AND_SERIAL. Muna da wata na'urar rarraba intanet da ake shiga shafin saitinta ta burauza. Bayan an mayar da ita saitin masana'anta, Firefox ya rufe ƙofa ruf, ko maɓallin nan na "na yarda da haɗarin, wuce da ni" bai bayar ba. A Bugzilla na tarar da mutane sun daɗe suna kuka da wannan, kusan dukkansu da na'urori irin tawa. Bayanin shi ne ƙa'idar RFC 5280 ta ce kowace hukuma sai ta ba kowane satifiket lambar siriyal ta daban. Na'urar kuwa duk sanda ta ƙirƙiri sabon satifiket sai ta sa masa sunan mai bayarwa ɗaya da siriyal ɗaya da na tsohon, alhali mabuɗin ya canja. Firefox yana riƙe da tsohon, ga sabo ya zo da suna da lamba iri ɗaya, sai ya ƙi. Gyaran shi ne ka shiga wajen sarrafa satifiket a cikin saiti ka goge tsohon. Wasu a rahotannin sun ce a goge fayil ɗin cert9.db gaba ɗaya daga furofayil, wato jakar da Firefox ke ajiye saitinka da bayananka, kuma yana aiki, amma yana tafiya da duk satifiket ɗin da ka taɓa shigarwa da hannunka. A nan ban goyi bayan Mozilla ɗari bisa ɗari ba. Na fahimci hujjarsu, amma mutumin da ke son shiga na'urarsa ta cikin gida bai cancanci a bar shi da saƙon da bai gaya masa abin da zai yi ba.

Wannan zancen cert9.db ya kawo ni ga haɗarin da ke cikin rumbun, wato tsufan shawara. Rahoton 2012 zai ce ka goge cert8.db, fayil ɗin da Firefox ya daina amfani da shi tun fitowa ta 58. Duk bayanin yadda ake tantance satifiket da aka rubuta kafin Firefox 31 na 2014 a kan tsohon inji yake magana, domin a lokacin aka kawo sabon inji mai suna mozilla::pkix. Satifiket ɗin da ya sa sunan shafi a filin Common Name kaɗai da can yana wucewa, Chrome ya daina karɓarsa a fitowa ta 58 a 2017, Firefox ya rufe ƙofar gaba ɗaya a fitowa ta 101 a 2022. Rumbun ba ya liƙa wa tsohon sharhi alamar cewa zamaninsa ya wuce. Abin da ya fi damuna shi ne sharhin masu wucewa da ke cewa ka shiga about:config, shafin saitin ciki na Firefox, ka kashe kaza, shi ke nan shafi ya buɗe. Ƙwarai zai buɗe, amma ka cire mai gadi ne daga bakin ƙofa saboda ya hana wani baƙo shiga, kuma ba wannan baƙon kaɗai zai shigo ba. Kafin in bi shawara nakan duba shekarar da aka rubuta ta, in kuma duba ko mai maganar yana cikin masu kula da sashen.

A ranar da abu ya ɓaci wa duniya baki ɗaya kuwa, wurin yana da wata daraja ta daban. A farkon 2019, bayan fitowar Firefox 65, masu Windows da yawa suka fara ganin SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER a kusan kowane shafi, har Mozilla ta dakatar da tura sabuntawar na ɗan lokaci. Sanadin wasu manhajojin riga-kafi ne da ke shiga tsakanin burauza da intanet, su buɗe bayanan su duba, sannan su sake rufe su da satifiket nasu. Firefox yana da nasa kundin amintattun hukumomi daban da na Windows, don haka bai san su ba. A rahotannin lokacin za ka ga yadda aka gano hakan, ka kuma ga yadda saitin security.enterprise_roots.enabled ya tashi daga abin da ake kunnawa da hannu, zuwa abin da Firefox 68 ke kunnawa da kansa idan ya hango mai shiga tsakani, har zuwa Firefox 120 inda ya zama a kunne tun asali a Windows da macOS da Android. Haka a ranar 4 ga Mayu 2019, lokacin da wa'adin wani satifiket na tsakiya na Mozilla kanta ya ƙare, ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Firefox suka daina aiki. Rahoto mai lamba 1548973 shi ne inda aka riƙa bin lamarin har aka fitar da Firefox 66.0.4. A irin wannan rana abin da nake buƙata shi ne in san cewa ba daga wajenmu ba ne, in gaya wa mutane kada su taɓa komai, gyara na tafe.

Sashen da na fi so, wanda kuma mutane ba su cika saninsa ba, shi ne CA Program. Duk hukumar da ke son burauza ta ci gaba da amincewa da ita, idan ta yi kuskure wajen bayar da satifiket dole ta zo nan ta rubuta rahoto a bainar jama'a: me ya faru, yaushe ta sani, satifiket nawa abin ya shafa, mene ne tushen matsalar, me za ta yi don kada a sake. Daga nan sai a yi mata tambayoyi, kuma masu tambayar ba Mozilla kaɗai ba ne, har da mutanen Chrome da masu bincike masu zaman kansu. A ƙarshen Fabrairu 2020 hukumar Let's Encrypt ta gano tangarɗa a yadda take duba bayanan CAA, inda mai shafi ke faɗin hukumomin da ya yarda su ba shi satifiket, abin ya shafi satifiket kimanin miliyan 3, kuma bayanin da ta yi yana nan har da layukan manhajar da suka jawo kuskuren. Ƙa'idar da hukumomin ke bi ta ce a soke satifiket mai matsala cikin awa 24 ko kwana 5, gwargwadon girman laifin. Saboda haka idan shafinka ya wayi gari da SEC_ERROR_REVOKED_CERTIFICATE ba tare da ka taɓa komai ba, ka rubuta sunan hukumar da ta ba ka satifiket a wannan sashen kafin ka fara tuhumar kanka.

A nan ne kuma ake hango hadari tun yana nesa. Janye amincewa daga hukuma ba ya faɗowa rana ɗaya. Symantec, wadda burauzoji suka daina amincewa da satifiket ɗinta a 2018, an daɗe ana tara mata laifuka a fili, kuma masu shafukan da ba su bi labarin ba su ne suka tashi da MOZILLA_PKIX_ERROR_ADDITIONAL_POLICY_CONSTRAINT_FAILED suna mamaki. Entrust ma haka: a 2024 rahotanninta sun taru a wannan sashe, musamman na jinkirin soke satifiket, kafin Chrome ya ce ba zai karɓi sababbin da ta bayar bayan 11 ga Nuwamba ba, Mozilla kuma ta sa nata wa'adin a 30 ga Nuwamba. Duk mai sayen satifiket don ma'aikatarsa ya kamata ya leƙa nan ya ga yadda hukumar ke amsa tambaya idan ta yi kuskure. Wata takan fito ta faɗi komai dalla-dalla, wata sai an yi ta jan ta tana kewaye-kewaye. Wannan ya fi duk tallan da za su yi maka nuna halinsu.

Sauran abubuwan da ba su yi min daɗi ba ba su da yawa, amma suna nan. Komai da Turanci ne, kuma Turancin injiniyoyi, cike da gajerun haruffa irin OCSP da HSTS da SAN da ba wanda zai tsaya ya fassara maka. Wani lokaci ka bi lamba da zumuɗi sai a ce ba ka da izinin ganin rahoton, domin na tsaro ne da ba a buɗe ba tukuna. Ɓoyewar daidai ce, ba na so a tona rauni kafin a toshe shi, amma tana yanke maka zare a tsakiya. Akwai rahotannin da suka yi shekaru a matsayin UNCONFIRMED ba wanda ya tanka. Akwai kuma amsoshin da suke a gajarce har su yi kama da kora, musamman ga wanda ya zo neman taimako aka ce masa ya tafi support.mozilla.org. Gaskiya suka faɗa masa, can ne wurin, sai dai wasu cikinsu da sun ƙara jimla ɗaya ta sassauci da ba abin da zai rage su.

Rumbun Chromium, manhajar da aka gina Chrome a kanta, wanda ya koma issues.chromium.org a 2024, ya fi kyan gani kuma ya fi sauri, nakan kuma je can idan kuskuren irin NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID ne. Amma a abin da na gani, a Bugzilla na fi samun doguwar muhawarar da ke bayyana dalilin hukunci, kuma rahotannin hukumomin satifiket a Bugzilla suke ko da Chrome ne ya ɗauki mataki.

Ba kowace matsala ce ta cancanci wannan tafiya ba. Idan duk shafuka sun ƙi buɗewa a kwamfuta ɗaya, duba agogonta tukuna, domin batirin allon kwamfuta in ya mutu kwanan wata yakan koma baya, sai kowane satifiket ya zama kamar lokacinsa bai yi ba. Idan kana kan Wi-Fi na jama'a ne, wataƙila shafin shiga ne ya tare hanya. Idan kowace burauza ta ce wa'adi ya ƙare, to ya ƙare ɗin, mai shafi za a gaya wa. Irin wannan zai ƙaru nan gaba, tunda a 2025 an amince a riƙa rage tsawon rayuwar satifiket daga kwana 398 zuwa 200 a Maris 2026, zuwa 100 a 2027, zuwa 47 a 2029, kuma duk mai sabuntawa da hannu zai sha mantuwa. Tsohuwar waya ko kwamfutar da ba a sabunta ba ita ma takan faɗa irin ramin da aka faɗa a 30 ga Satumba 2021, ranar da tushen DST Root CA X3 ya ƙare. Duk waɗannan ba sa buƙatar rumbun rahoto.

Idan ka bincika da ALL, ka duba sassan nan uku, ba ka ga irin taka ba, to ka shigar da rahoto, amma ka yi musu rabin aikin. Gwada da sabon furofayil ta about:profiles don ka tabbatar ba tarkacen tsohon ba ne. Kashe binciken HTTPS na manhajar riga-kafi na ɗan lokaci ka sake gwadawa. Faɗi fitowar Firefox da tsarin kwamfutarka kamar yadda about:support ya nuna, ka liƙa rubutun nan da ka kwafa daga lambar kuskure. Idan da yana aiki sai ya daina bayan sabuntawa, akwai wata manhaja ta Mozilla mai suna mozregression da ke sauko da tsofaffin fitowa ɗaya bayan ɗaya tana tambayarka ko ya yi ko bai yi ba, har ta matse lamarin zuwa canjin da ya jawo shi. A abin da na lura, rahoton da ya zo da sakamakonta ya fi saurin samun mai kula shi. Idan ka tarar da rahoton da ya yi daidai da naka, kada ka ƙara sharhin "ni ma haka", ƙa'idar wurin ta hana, sai dai ka sa kanka a jerin CC a riƙa sanar da kai. Kuma ka tuna duk abin da ka liƙa kowa zai gani, zai kuma daɗe a nan. Satifiket ba sirri ba ne, amma yakan ɗauki sunayen sabar na cikin gida, don haka ka nemi izinin ma'aikatarka kafin ka ɗora nata. Fayil ɗin da ya fara da BEGIN PRIVATE KEY kuwa, wato mabuɗin sirri na sabar, ko wa ya tambaye ka kada ka ɗora shi, injiniyoyin Mozilla ba sa buƙatarsa don gano matsalarka.